Taken Ladingo

Tun zamanin da kowace rijiya ke da ƙofa ta biyu daga can ƙasa, aljanu suna da wasa guda da ya fi musu abinci daɗi, wato langa. Abin takaicin shi ne ba su iya ta ba. Langa dai a riƙe ƙafa ɗaya ne, a yi tsalle da ɗayar, a turi juna har wani ya faɗi ko ya saki ƙafa. Shi kuwa aljani ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. An taɓa yin karawa guda tsakaninsu har shekara ɗari uku ba wanda ya faɗi. 'Yan kallo suka gaji suka watse, suka yi aure, jikokinsu suka zo suka tarar ana nan ana yi. Daga nan manyansu suka yanke shawarar a riƙa ɗauko dabbobi da tsuntsaye su buga musu. Haka aka kafa Gasar Rijiyoyi Tara.

Doka ɗaya ce ga kowa: ƙafa guda a ƙasa, sauran duk a riƙe. Biri ya ji daɗinta. Jaki sai da aka yi masa rangwamen igiya. Shanshani ya buga kaka biyu ya bari, ya ce kafin ya gama tattara ƙafafunsa an tashi daga wasa. Maciji kuwa ƙara ya kai, kuma har yau ba a yanke hukunci ba.

Cikin duk waɗanda suka taɓa taka filin nan ba a yi kamar Ladingo ba, wata shamuwa 'yar Rijiyar Toka. Ita ce ruwa, wato wadda 'yan ɓangarenta ke karewa har ta kai turken sha a ƙarshen fili. Da baki take riƙe ƙafarta ta hagu. Kaka goma sha bakwai ta buga, ba a taɓa kayar da ita ba, ba ta taɓa sakin ƙafa ba. Ranar da ta ji gwiwarta ta fara ƙara, sai ta yi wa kowa sallama, ta hau duniyar mutane, ta yi sheƙa a kan wani rimi da ke bayan marina. Kowa ya ce ta yi wayo, ta tafi da sunanta cif. An yi ta faɗa har ita ma ta yarda. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko wa ke ɗauke da nauyin wannan suna bayan mai shi ta tafi.

Shekara arba'in ta yi a kan rimin. Da yamma takan tsaya da ƙafa ɗaya, ba don komai ba sai sabo, tana kallon marina suna matse baba, tana tuno ƙanshin fili idan an yayyafa masa ruwa, da soyayyar fara da ake sayarwa a ƙofa, da yadda aljanu dubu saba'in ke ɗauke numfashi lokaci guda idan ta doshi turke.

Wata rana da hantsi sai ga 'yar guguwa ta taso daga juji, ta hau rimin, ta tsaya a reshe. Wani aljani ɗan aike ya fito daga cikinta da huluna uku a ka. Ya durƙusa a kan iska.

“Ranki ya daɗe, Ruwan Toka, wadda ƙasa ba ta san gefenta ba. Sarkin Fili yana gaishe ki. Nan da kwana bakwai za a yi bikin cikarki shekara arba'in ba faɗuwa, ana so ki zo a gan ki.”

Ladingo ta ce, “Ina amsawa. Su wa suka rage cikin mutanenmu?”

“Jaki ya riga mu gidan gaskiya. Biri na sayar da goro a ƙofar fili. Makaɗinki kuwa yana nan yana bugawa.”

Ta san wanda yake nufi. Arzika ne, wani kunkuru mai sanyin magana, wanda kan jingina da turken sha ya riƙa kaɗa ƙoƙon ƙirjinsa da hannuwa biyu. Shi ya ƙaga mata takenta, kiɗan da ba a yi wa kowa sai ita. Shi ke ɓoye mata fara mai zafi a cikin ɓawonsa har a tashi.

“Madalla,” in ji ta. “Wa yake yi wa kiɗa yanzu?”

“Ke mana, ranki ya daɗe. Ai take ba ya tsayawa sai mai shi ya faɗi. Dokar ke nan tun kafa gasa. Ba a damu da ita ba ne don kowa yakan faɗi kafin mako ya zagayo. Ke ce ta farko da ta tafi ba ta faɗi ba.”

Ladingo ta sauke ƙafarta a hankali. Ta tuna ranar tafiyarta: taken ya yi ta binta har bakin rijiya, ta ɗauka rakiya ce. Har ta ji haushi don bai ɗaga mata hannu ba.

“Shekara arba'in? Ba hutu?”

“A baki ake ba shi abinci.”

“Me ya hana a aiko mini?”

“Shi ya hana. Ya ce a bar ki da sunanki.”

Ta ce ya ɗauke ta a guguwarsa yanzun nan. Ya ce aike aka ba shi, ba kaya ba. Ya gyara hulunansa ya ɓace. Ladingo ba ta ko waiwayi sheƙarta ba, ta naɗe fukafukai ta faɗa rijiyar marina.

A ƙasan ruwan akwai ƙofar tagulla. Wata aljana ke tsaronta, gashinta duk igiyoyin guga ne da suka tsinke tun zamanin kakanni.

“Tsaya, mai dogon baki. Faɗi sunanki da abin da ya kawo ki.”

“Ni ce Ladingo ta Rijiyar Toka. Na zo faɗuwa.”

Aljanar ta ture igiyoyin daga fuskarta don ta gan ta da kyau. “Shekara dubu ina tsaron ƙofar nan, duk wanda ya zo cewa yake ya zo ci. Ƙofa ba ta san wata amsa ba. Ki ce kin zo ci, in buɗe.”

“Ba zan fara tafiyar nan da ƙarya ba, Uwar Ƙofa.”

“To ga magudana can, inda ruwan wanki ke bi. Ita ba ta tambaya.”

Ladingo ta cusa kanta cikin magudanar. Wuni guda tana jan ciki cikin duhu da dauɗa, duwatsu suna tsige mata gashin fukafukai ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɓullo ɗaya ɓangaren ta gwada tashi sama, sai ta ga ba hali. Tafiyar ƙasa ta kama ta.

Ta ratsa gonakin da gero ke tsirowa daga gajimare, zangarniya na reto ƙasa, manoma na girbi a kan tsani. Ta wuce garin da inuwoyi ke zuwa aiki, masu su na kwance a gida. A kwana na biyu ta iso Kogin Kunu, wanda ke tafasa tun daga tushe har teku. Ba gada, ba kwalekwale, sai ludaya da ke yawo a kansa, kowane ludayi ƙafa ɗaya kawai yake ɗauka. A da, nan ake gwada sababbin 'yan wasa, kuma ba duka ke kaiwa tsallake ba.

Ta ɗauki ƙafar hagu da baki. Ɗanɗanon ƙafar bai sake ba. Ta dira kan ludayin farko, gwiwa ta yi ƙara kamar tsohon ƙyaure. Na biyu ya juya da ita, tiriri ya ƙona mata ciki. Daga na biyar sai jiki ya karɓe aikin daga hannun tunani. Ludayi talatin da uku ta taka, ta sauka a gaɓa ko ɗigon kunu bai taɓa ta ba. Ta tsaya tana haki, sai ta lura daɗi take ji. Wannan daɗin ya fi kogin ba ta tsoro.

Gaba kaɗan akwai wata rumfar kara a gindin tsamiya, inda kullum la'asar ce, rana ba ta gaba ba ta baya. Rumfar Tsofaffi ke nan. Duk tsohon ɗan wasan da ya zauna kan tabarmarta ya ce “ka tuna ranar nan”, to ba ya sake tashi. Ladingo ta san haka, ta yi niyyar wucewa ta baya. Amma wata murya ta tare ta.

“Wa nake gani kamar Kurmar Toka? Ke, wa ya fige ki haka?”

Jatau ne, tsohon bunsurun Rijiyar Gishiri, wanda ya shafe kaka goma sha bakwai yana kai mata karo yana cin ƙasa. Gemunsa ya yi fari fat.

“Jatau, har yanzu warin nan bai bar ka ba?”

“Shi kaɗai ya rage mini. Zo ki zauna.”

“A tsaye zan gaisa.”

“Tsaya ɗin. Kin tuna ranar da aka yi ruwan ƙanƙara, muka tare ki mu huɗu a kusurwa?”

Ta tuna. Ta gyara masa labarin, don su uku ne. Wani tsohon dila ya ce biyar ne. Aka kawo soyayyar fara irin ta da, mai yajin da yanzu ba a iya haɗawa. Jatau ya yi dariya har da tari.

“Kin tuna dabarar gaisuwa? Mun ga da baki kike riƙe ƙafa, muka ce ai shi ke nan, a gaishe ta. Wace 'yar mutunci ce za a gaisar ta yi shiru? Sannu Ladingo, ina gajiya, ya mutan gida. Ko kallo. Har kakarki muka ɗauko daga ƙauye muka ajiye ta a bakin fili, ta ce miki sannu da aiki. Kika tsallake ta kamar kututture. Daga ranar muka sa miki Kurma.”

“Sati uku ba ta yi mini magana ba,” in ji Ladingo.

Ta gaya masa abin da ya kawo ta. Jatau ya daina tauna.

“Ni na faɗi sau ɗari biyu da wani abu. Makaɗina ya yi aure uku, ya gina gida, ya mutu cikin jikokinsa. Ana ta yi mini dariya, ban taɓa ganin ya yi ba.” Ya tura mata kwanon fara. “Amma bari wannan. Kin tuna shekarar da biri ya ci amanar Rijiyar Kanwa?”

Ta tuna wannan ma. Labari ya ja labari. Gwiwarta ta fara lanƙwashewa da kanta tana neman tabarma. Saura kaɗan ta zauna sai iska ta juyo daga gabas, ta kawo wani sauti siriri daga nesa. Takenta ne. Amma ba haka ta san shi ba. A da gudu yake kamar ruwan sama a kan kwano. Yanzu jan ƙafa yake, kuma duk bugu na bakwai sai ya makara.

Ta miƙe tsaye sosai. “Kwana nawa na yi a nan?”

“Nan ba a kwana,” in ji Jatau. “A waje dai an yi huɗu.”

Ta juya ta kama hanya da sassarfa. Yana ta kiranta ta zo ta ji ƙarshen labarin biri, ba ta waiwaya ba.

Da safiyar ranar biki ta shiga Birnin Ƙafa Ɗaya, inda gidaje da rumbuna har da masallaci ke tsaye kan ginshiƙi guda guda. Hotonta na jikin kowane bango, an ƙara mata tsawo, an rage mata baki. Aka kai ta gaban Sarkin Fili, aljani mai hanci kamar taɓarya, wanda bayi biyu ke tallafe masa shi.

“Maraba da wadda ba a kayar ba. An tanadar miki kujera da rumfa.”

“Allah ya ja zamanin Sarki, ba zama na zo ba. Na zo roƙon a sallami makaɗina.”

“Doka ba ta san roƙo ba. Take na tsayawa ne idan mai shi ya faɗi.”

“To a sa ni a wasan yau.”

Sarkin Fili ya sa aka juyo da hancinsa wajenta. “Na ji abin da ke ranki tun kina ƙofar gari. Ki saurara. Faɗuwar ganganci tana da wari, kuma hancin nan bai taɓa kuskure ba. In kika saki ƙafa da niyya, ko kika jefar da kanki, za a ƙara wa makaɗi shekara arba'in, ke kuma a hana ki fili har abada. Sai an kayar da ke da gaske. Kin yarda?”

“Na yarda. A bar ni in gan shi tukuna.”

“Ruwa ba ya ganin turke kafin wasa. Ke kin fi kowa sani.”

Da azahar aka buɗe fili. An yayyafa masa ruwa, ƙanshin na nan yadda yake. Ladingo ta ɗauki ƙafarta, aka busa ƙaho. Hankalinta kwance yake: tsohuwa figaggiya gaban samarin Rijiyar Gishiri, ai turi ɗaya ya isa.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne tarbiyya. Samarin nan da labarinta aka yaye su. Wani ɗan rago ya taho da gudu, da ya ga ita ce sai ya kauce, ya je ya banke ɗan'uwansa. Ta doshi wani gwanki, ya ja da baya yana sunkuyar da kai har ya fita daga fili. Ta bi wannan, ta bi wancan, suna watsewa gabanta kamar kaji. Ta so ta ce musu su zo su ture ta don Allah, amma bakinta cike yake da ƙafa.

Sai ga wata budurwar jimina, baƙuwa daga hamada, wadda ba ta san tarihin kowa ba. Ta miƙo wuya ta taho kamar an harbo ta. Ladingo ta ga sa'arta ta zo. Abin da ake bukata kawai ta tsaya cik.

A daidai nan taken ya shiga mata jini. Ba ta yanke shawarar komai ba. Kafaɗa ce ta sauka da kanta, ƙugu ya juya, ƙafa ta zame taku guda zuwa dama, irin kaucewar da aka yi shekara arba'in ana koya wa yara ba wanda ya iya. Jiminar ta wuce ta kife cikin ƙura.

Fili ya ɗauka da ihu. Aljanu dubu saba'in suna kiran sunanta. Gwiwa ta daina ciwo. Ta ga hanya a buɗe har turke, kuma duk abin da ya kawo ta ya fice daga kanta, da magudana, da kogi, da dokar Sarkin Fili. Ladingo ce kawai ta zamanin da, ga turke, ga take. Ta kama tsalle. 'Yan kallo suka ɗauke numfashi. Saura taku biyar. Saura uku.

A gindin turken wani ɗan tsoho ke jingine. Ƙoƙon ƙirjinsa ya yi fari, ya yi rami biyu kamar dutsen niƙa. Hannuwansa na tashi suna sauka. Ya ɗago kai ya dube ta, ya yi magana da muryar da ake yi a zaure.

“Ladingo. Sannu da zuwa. Ya hanya?”

“Lafiya lau, Arzika, ya na same...”

Ƙafar hagu ta taɓa ƙasa.

Ta tsaya da ƙafa biyu, taku ɗaya tsakaninta da turke, baki buɗe. Sai a lokacin ta gane abin da saura ƙiris ta aikata.

Bayi suka rugo da Sarkin Fili. Ya san abin da birninsa zai rasa, don haka ya shinshina ta daga baki har farce, ya koma ya sake, ya sake na uku. Daga bisani ya sa aka ɗaga hancin.

“Ba ganganci. Wannan so take ta ci. Kunya kawai nake ji, ita ma yanzu ta fara.” Ya juya ga jama'a. “Ladingo ta Rijiyar Toka ta saki ƙafa.”

Hannuwan Arzika suka tsaya a sama, suka sauko a hankali kan cinyarsa.

Shirun da ya biyo baya ba a taɓa jin irinsa a birnin ba. 'Ya'yan aljanun da aka haifa cikin shekarun nan arba'in ba su san duniya na iya yin shiru ba, suka fashe da kuka. Manya suka fara tashi suna tsaki. Wani ya jefo ɓawon gyaɗa. Kafin la'asar an fara shafe hotuna daga bango, an ce dama can an cika zuzuta ta.

Ladingo ta zauna a ƙasa kusa da turken, abin da ba ta taɓa yi ba a filin nan. Yatsun Arzika na ta motsi su kaɗai, yana kallonsu kamar na wani.

“Da gangan ka gaishe ni,” in ji ta.

“'Yan wasa Sarki ke shinshinawa. Ba a taɓa shinshina makaɗi ba.”

“In da ban amsa ba fa? Kakata ma ban amsa mata ba.”

“Da na ci gaba. Ai na iya.”

“Me ya sa ba ka aiko ba, Arzika?”

“Taken na da daɗi. Shekara goman farko ma ban ji komai ba.”

Masu shara suka shigo suna tattara ɓawon gyaɗa, suna kewaye su kamar ba su gan su ba.

“Ladingo,” in ji shi, “in ba za ki damu ba. Akwai wani wuri a bayan wuyana, can cikin ɓawo. Tun ranar da kika tafi yake ƙaiƙayi, yanzu kuma hannun ya ƙi ɗaguwa.”

Ta sunkuya, ta zura dogon bakinta a hankali.

“Ƙasa kaɗan,” in ji Arzika, ya lumshe ido. “Hagu. Yawwa, nan.”